Ba a Ƙara Sukari Ba

An yi wani mutum a nan Lingwu, sana'arsa dafa jam ɗin magarya, irin abin shafa wa burodi, ya ɗura a kwalabe. Da ya ga masu ciwon sukari sun yi yawa, kowa na gudun zaƙi, sai ya daina zuba sukari. Ya koma tafasa ruwan tuffa har ya yi kauri kamar zuma, ya juye a tukunyar. A gaban kwalba ya buga da manyan baƙaƙe: "Ba a ƙara sukari ba." Zancen ruwan tuffa kuwa ya tura shi can ƙasa, rubutu kamar sawun tururuwa.

Matarsa Yulan ta ɗanɗana ta ce, "Maigida, wannan fa ya fi na da zaƙi."

Ya ce, "Ke, kin ga na zuba sukari? Hukuma ma ta duba ta buga hatimi. Wanda bai karanta ba, shi ya so."

Ya 'yan uwa, jinin mutum yana karanta takarda ne? Haba! Zaƙi zaƙi ne, ko daga rake ya fito ko daga tuffa.

Mutumin nan yana da wa, Deming, makiyayin tumaki, wanda likita ya hana wa zaƙi shekara goma. Deming bai taɓa roƙonsa ko cokali ɗaya ba. Kanti yake zuwa ya saya, don kasuwar ƙanensa ta ci gaba. Kullum da safe sai ya lafta a burodi yana ce wa abokansa, "Na ƙanena ne, don mu marasa lafiya ya yi shi."

Kafin magarya ta sake nuna, wani miki a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Ƙanen ya je asibiti ya ce, "Yaya, ai na rubuta a ƙasa."

Deming ya ce, "Ƙasa ina? Ni sunanka na gani a sama."

Babu kotun da ta kama ƙanen, don bai rubuta ƙarya ba. Amma kantuna suka maido masa da kwalabensa. Tukwane suka yi sanyi. Yulan ta koma gidan iyayenta. Ranar Juma'a in ya shiga sahu, sai na kusa da shi ya matsa.

To ku ji, masu sana'a. Na gaji da jin "ai doka ba ta hana ba." Gaskiyar da ka jera don a fahimce ta a karkace, yaudara ce. Ranar hisabi abin da ka so mai saye ya ɗauka za a tambaye ka.

Allah ya kiyaye mu da cutar wanda ya yarda da mu. Amin.