Kwando Biyun da Suka Ɓace daga Jikin Sarki

An ce wani sarki ne aka yi a ƙasar Hindu, mai yawan giwaye da faɗin gonakin shinkafa, wanda ba abin da yake so a duniya kamar a ce masa ya yi nauyi. Dalili kuwa, al'adar ƙasar ce duk shekara bayan girbi a ɗora sarki a kan wani ƙaton sikeli a ƙofar fada, a yi ta jera kwandunan shinkafa a ɗaya gefen har su yi daidai da shi. Kowane kwando guda da ya hau, sai a fitar da ɗari irinsa daga rumbun sarki a raba wa talakawa. Saboda haka jama'a suna yi wa tumbin sarki addu'a fiye da yadda suke yi wa hankalinsa.

Mai kula da sikelin wani tsoho ne siriri, sunansa Haridas, mai dogon zane da yake jan ƙasa. Shekara ashirin yana tsayawa daf da farantin sikelin da sarki yake hawa, wai yana riƙe sarƙa don kada mai martaba ya yi lilo, kuma shekara ashirin sarki yana tashi kwando bakwai cif. Matarsa Lalita ce shugabar masu girkin fada. Tun suna da ƙuruciya take masa faɗa kan rashin ci, shi kuwa ya saba da faɗan nan har in bai ji shi ba abinci ba ya masa daɗi.

A shekara ta ashirin da ɗaya sarki ya ga dama ya karrama tsohon. Ya sa aka kawo kujera mai laushi aka ajiye can gefen waziri, ya ce daga yau Haridas a zaune zai riƙa duba awo. Haridas ya yi godiya, ya zauna. Aka ɗora sarki, aka jera kwando ɗaya, biyu, har biyar, sai farantin sarki ya ɗaga sama. 

Sarki ya sauko fuska a murtuke, ya ce, "Wa ya cinye mini kwando biyu?"

Waziri, wanda bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba, ya ce, "Ya sarki, jiki daga tukunya yake fitowa. A tambayi mai tukunya."

Nan take aka kawo Lalita da ludayi a hannunta, sarki ya yanke cewa kafin rana ta faɗi a fitar da ita daga ƙasar, kada ta sake dawowa. Haridas ya dube ta, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san in ya yi shiru ya rasa ta, in ya yi magana kuma mai yiwuwa ya rasa ƙafa. Ya auna su biyun, da yake awo ne sana'arsa, ya ga ƙafa yana da wata.

Ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, kwandunanka biyu ba su ɓata ba. Na san inda suke."

"Ina suke?"

"Tun hantsi suna zaune a kan kujerar da ka ba ni."

Sarki ya sa aka ɗaga kujerar, aka girgiza ta, ba a ga ko ƙwayar shinkafa ba. Ya ce, "Tsoho, da ni kake wasa?"

Haridas ya ce, "A mai da mai martaba kan sikeli, a bar ni in tsaya inda na saba."

Aka yi haka. Tsohon ya kama sarƙa, ya ɗage zanensa har gwiwa don kowa ya gani, ya saƙala babban yatsan ƙafarsa a wani zobe da yake ƙarƙashin farantin, ya danna. Sarki ya yi ƙasa a hankali, sai da aka ƙara kwando biyu kafin sikeli ya daidaita. Wani daga bayan taro ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari.

Sarki ya ce, "Ashe shekara ashirin kana yi wa rumbuna sata?"

"Ya sarki, ko tsaba ɗaya ba ta shiga gidana ba, tambayi Lalita, ita ce kullum take cewa na rame. Shekara ashirin gidajen da ke bayan kogi suna cin kwando ɗari biyun nan, suna sa maka albarka. Albarkar duk kai ka karɓe, yatsana ko sannu ba a taɓa ce masa ba."

Lalita ta ce, "Ni kuwa in yi ta shafa masa man kwakwa duk shekara, yana ce mini sanyin ƙashi ne."

Kunya ta rufe sarki a kan farantin. Ya dubi jama'a, ya ga ba shi suke kallo ba, kwandunan nan biyu suke kallo, suna jiran su ji ko za a sauke su. Sai a lokacin ya gane cewa bai taɓa tambayar ko bakwai ɗin ma tana isarsu ba.

Ya ce, "Lalita, koma ga tukunyarki. Kai kuma tsoho, ga hukuncinka: tun da ka iya ƙara wa sarki nauyi a ɓoye, daga yau a fili za ka yi. Hau nan ka zauna kusa da ni, duk jikinka."

Haridas ya hau. Aka ƙirga kwando takwas. Lalita ta harari mijinta ta ce, "Ka gani? Da kana cin abin da nake ba ka, da tara aka samu."

Sarki ya yi dariya har sikeli ya girgiza, sa'an nan ya sa aka rubuta a jikin sarƙar: Adalcin sarki ba a jikinsa ake auna shi ba, a tukunyar talakawansa ake aunawa.