Manomin da Ya Sallami Mai Ganga

Akwai wani manomi mai babbar gonar dawa, wanda kowace damina yakan ɗauki 'yan ƙwadago. A garinsu ba a noma sai da mai ganga, yana bin bayan manoma kunya-kunya, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa. Wata shekara manomin ya dubi mai gangar nan, ya ga mutum ne da bai taɓa cire ko ciyawa ɗaya ba, amma ana biyansa. Sai ya sallame shi, ya ƙara ladansa a kan na masu fartanya. A ganinsa, ba a taɓa yin dabara irin wannan ba.

Washegari mutane suka zo fiye da kullum, suka yi masa godiya ƙwarai. Aikin kuwa ya tafi a hankali, kamar ana gudun tashin ciyawar daga barci. Ya ƙara lada. Suka ƙara godiya. Ruwa na sauka, ciyawa na neman shaƙe dawar, shi kuma ya rasa inda dabararsa ta karkace. Ya zargi maƙerin fartanya, ya zargi kunun da ake kai musu, har matarsa ta ce ya bar kununta ya huta.

Daga bisani ya tambayi Habila, babba a cikinsu, ko kuɗin ne bai isa ba. Habila ya ce ya isa har da saura.

"Sai dai, maigida, kuɗin da yamma yake zuwa. Bayan mutum kuwa tun da hantsi yake fara ciwo."

Manomin ya aika a kira mai ganga, aka ce wani ya riga ya ɗauke shi. Sai ya samo tsohuwar jarka da sanda, ya bi bayan 'yan ƙwadagon yana bugawa, yana kiran sunaye da muryar da ko a coci ba a roƙonsa ya ɗaga. Ya ba wasu uban da ba nasu ba, suka gyara masa suna dariya. Kafin ciyawar ta farga, dawa ta sha iska.

Ya tsaya a bakin gona yana murna ya gane ashe ba kuɗi ba ne. Sai Habila ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Maigida, ƙarin nan dai yana nan, ko?"

Ma'anar misalin, gwargwadon abin da za a iya kamawa, ita ce: lada ne ke kawo mutum gona, amma ba shi ke sunkuyar da shi ba. Ku da ake yi wa aiki, a gida ko a shago, ku biya cikakke. Kada wani ya fita daga nan ya ce an koya masa rage albashi. Sa'an nan ku san sunayen masu yi muku aikin, gama Ubangiji da muke yi wa hidima bai taɓa kiran ɗayanmu "kai wannan" ba. Wanne ya fi nauyi cikin biyun? Manomin bai sani ba har yau. Yana biya, yana kuma buga jarka.