Sunan da Zai Zauna Tsakanin Edwin da Sabi'u

Ku matso kusa, ga ta nan gare ku. Ba ta zamanin da ba ce. Mutanen cikinta duk suna nan da ransu, in ban da mutum ɗaya, yayana Sabi'u.

Yaya Sabi'u ɗan kwalekwale ne a garinmu, Tudun Kirya, can cikin fadamar da ruwa ke mamayewa duk damina. Wata Baturiyar Ingila mai suna Judith ta zo nazarin tsuntsayen da ke sauka a fadama, shi ya riƙa tuƙa ta. A bakinsa ta koyi Hausa, a hannunsa ta koyi cin tuwo. Mutanen gari suka sa mata Uwar Tsuntsaye, daga baya ta zama matar Yaya. Cikinta ya fara nauyi ke nan iska ta kife da kwalekwalensa a gurbin da muke kira Baƙin Ruwa. Ba zan tsaya a nan ba, don in na tsaya ba zan iya wucewa ba.

Danginta suka ce ta koma gida. Ta ce sai ta yi wa mijinta takaba a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, in haihuwa ta matso ta tafi birni. Haihuwar ba ta jira ba. Wata safiya naƙuda ta zo mata tun lokaci bai yi ba, kuma da zubar jini. A ranar mutum uku suka yi abin da har yau ban manta ba.

Na farko Ilyasu ne, ɗan Sarkin Ruwan garinmu. Ambaliya ta cinye hanyar mota, kachalla kuma, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe mashigin da ake bi zuwa birni. Hanya ɗaya ta rage, ta tsakiyar Baƙin Ruwa. A garinmu kuwa, gurbin da ya ci mutum ba a ratsa shi sai Sarkin Ruwa ya buɗe shi bayan kaka. Wanda ya karya, a karɓe masa koma da ƙugiyoyi, shekarar ba shi ba su. Maza suka tsaya a bakin gaɓa, kowa na duban ƙafar ɗan'uwansa. Sai Ilyasu ya jawo kwalekwalensa ya ce, "Ku sa ta."

Mahaifinsa yana tsaye a wurin. Ya ce, "Ilyasu, ka san abin da kake yi?"

Ya ce, "Na sani, Baba. Komar tana rataye a zaure, a ɗauka."

Ni na shiga, na ɗora kanta a cinyata. Da muka isa tsakiyar gurbin, sandar tuƙi ta daina taɓa ƙasa, Ilyasu ya ajiye ta ya ɗauki filafili. Ruwan da kowa ke tsoro ya kwanta mana luf, kamar an zuba masa mai. Balbelu suka tashi daga cikin ciyawa, suka yi mana rumfa fara fat. Matar Yaya ta buɗe ido ta ce da ni, "Nan ne?" Na ce, "Nan ne." Ta sauke hannunta cikin ruwan, ba ta ɗago shi ba har muka fita. Ilyasu yana da mata da 'ya'ya, kuma bana duk kifin da zai shiga tukunyarsa sai wanda aka ba shi.

Na biyu Ukasha ne. A asibiti likita ya ce sai an yi mata aiki a ciro yaron, amma ba zai sa wuƙa ba sai da jini a ajiye, irin jininta kuwa wuyar samu gare shi a ƙasarmu. Aka gwada nawa, bai yi ba. Na Ilyasu bai yi ba. Ilyasu ya ruga kasuwar kifi yana neman duk wanda ya taɓa shan ruwan fadama. Suka zo suka yi layi, aka yi ta gwadawa, babu. Can ƙarshe ga Ukasha zaune a dakali, wai kallo ya zo. Shi ne mutumin da suka yi shari'ar gonar shinkafa da Yaya, aka ba Yaya gaskiya, ya yi rantsuwa ba zai ƙara shan ruwan gidanmu ba, ya koma birni yana sayar da bandar kifi. Ko ta'aziyya bai zo ba. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Kai ma miƙa hannun mana, ko ɗaci ne ya cika jijiyar?" Ya miƙa don a daina yi masa dariya. Nasa ne ya dace.

Ukasha ya yi imani jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, mutum bushewa yake yi kamar kara. Na ji yana kalmar shahada a hankali. Duk da haka ya kwanta, aka ɗibi iya abin da za a iya ɗiba, ya tashi zai fita ya yanke jiki ya faɗi. Da ya farfaɗo ya gan ni a kansa sai ya ce, "Kada ka je kana cewa don Sabi'u na yi. Gonar nan har gobe tawa ce." Da labari ya kai wa Inna sai ta riƙe baki. Ta ce, "Ikon Allah. Daga Ingila har Tudun Kirya, a rasa ɗan'uwan jininta sai Ukasha."

Na uku Lurwanu ne, malamin asibiti, baƙo a yankinmu, wanda ko sunansa ba mu sani ba sai daga baya. Ya tashi daga aiki har ya sa takalmi aka kira shi. Aka ciro yaro ba kuka, ba motsi, jikinsa launin toka. Likita da sauran hannuwa duk suna kan uwar, don jini ya ƙi tsayawa. Aka miƙa wa Lurwanu yaron. Robar da ake hura wa jarirai iska ta tsage, sai ya sa bakinsa. Ungozomar da ke wurin ce ta ba ni labari. Ta ce ya yi ta hurawa yana danna ƙirjin da yatsu biyu, har ita da kanta ta ɗauko zane za ta rufe yaron, ta ce, "Malam, sai haƙuri." Bai amsa mata ba, don bakinsa ba ya da sarari. Ni ina waje a jingine da bango. Aka kira azahar, aka yi salla, aka watse, ban iya tashi ba. Can na ji wani kuka siriri kamar na ɗan tsako, ya yanke, ya sake dawowa da ƙarfi. Da Lurwanu ya fito na kama hannunsa na ƙi saki. Ya ce, "Sake ni in yi salla, ɗan'uwa. Aikina ne, mai ran ne ya maido shi."

Uwa da ɗa suka rayu. Da ta sami ƙarfin magana ta kira ni bakin gado. Ta ce, "Ƙanin miji, zauna, yau ba tsokana." Ta ce sunan farko ta riga ta zaɓa, Edwin, sunan mahaifinta. Na ƙarshe kuma ba sai an tambaya ba, Sabi'u ne. Amma a ƙasarsu akwai suna na tsakiya, wanda ba a cika kiran mutum da shi ba, ana sa shi ne don godiya ga wani, yaro ya ɗauke shi har kabari. Ta ce, "Mutum uku suka ba ni yaron nan. Na kasa zaɓa. Kai ne baffansa, kai ka zaɓa."

Na kai wa Liman maganar. Ya ce to, wancan na tsakiyar shi ne sunan yanka, shi za a raɗa, a kansa za a yanka rago. Abin da za a ɓoye a can, shi ne na gaskiya a nan. Na ce ko a haɗa masa duka ukun? Inna ta ce, "Jariri ne ko jakin fatake?" Liman ya yi dariya ya ce rago ɗaya, suna ɗaya.

Tun daga nan zaurenmu bai huta ba. Masunta suka ce ba don Ilyasu ba da a tsakar gida za a yi gawa biyu, kuma shi kaɗai ne ya sayar da abincin 'ya'yansa. 'Yan kasuwa suka ce kwalekwale kowa na da shi, wani ma da ya iya yin ta maza, amma jinin nan a duk faɗin birnin jiki ɗaya Allah ya ajiye shi, kuma mai shi ya ba da shi ga gidan da ya tsana, yana ganin mutuwa zai yi. Mata suka ce su biyun uwar suka ceta, shi kuwa yaron numfashinsa na farko a duniya daga ƙirjin Lurwanu ya fito. Wani ya ce ai albashi ake biyansa. Wata tsohuwa ta ce, "Albashin ya ƙare tun da aka ɗauko zane."

Bayan arba'in uwarsa za ta tafi da shi Ingila. Zai girma cikin mutanen da ba su san fadama ba, wata rana ya tambayi uwarsa mai wannan suna da ke tsakiyar nasa, labarin mutum ɗaya za a fara ba shi. Gobe da safe ne suna, goro ya iso, rago yana ɗaure a gindin kirya, Liman zai karkato da kunnensa gare ni.

To, jama'a, Ilyasu, Ukasha ko Lurwanu, wanne ne a cikinsu zan raɗa?