Kainuwa da Ciyawar Gyara

Akwai wani mutum, dogon dattijo, sunansa Habila, yana zaune da matarsa Damaris a wani gari mai nisa da ruwa. Ita Damaris 'yar bakin kogi ce. Tun tana ƙarama takan kwanta rub-da-ciki a kan dutse tana kallon ƙananan kifaye suna wasa a cikin ciyawa. Aure ya kawo ta tudu, amma duk shekara takan je ganin gida, kuma kafin ta gama gaisawa da dangi ta riga ta gangara ta gai da ruwa.

Da tsufa ya zo, ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Tafiya ta gagara, zaman kujera ma ya yi wuya. Ba ta yi gunaguni ba, sai dai ta rage magana, ta rage ci, waƙoƙin sujada da takan rera tana shara suka ɗauke daga gidan. Habila ya ga matarsa tana dusashewa a gaban idonsa, hankalinsa ya tashi. Yana ƙaunarta ƙwarai, amma irin mazan nan ne da ba su iya faɗa da baki ba, sai dai su yi ta sayo abu.

Sai ya ce a ransa, tun da ba za ta iya zuwa kogi ba, shi zai kawo mata kogi. Ya sayo akwatin gilashi irin wanda ake kiwon kifin ado a ciki, ya ɗora shi a kan ɗan benci kusa da taga, daura da gadonta. Ya wanke yashi ya shimfiɗa, ya cika ruwa, ya saka 'yan kifaye masu jan wutsiya. Ran nan Damaris ta yi dariya, ta cinye tuwonta, har ta raɗa wa mai ƙibar cikinsu suna Gimbiya. Amma ta ce, "Baban Tabita, saura ciyawa. Kifi yana son wurin ɓuya."

Washegari Habila ya koma wurin mai shagon da ya sayar masa da kifin. Mutumin ya nuna masa tsire-tsiren ruwa iri-iri. Akwai bado, amma ganyensa ya fi ƙarfin akwatin. Akwai kainuwa, tana yawo a saman ruwa, ganyenta kore shar, a buɗe kamar fure. Akwai kuma wata siririyar ciyawa mai kama da ganyen albasa, wadda ake binne saiwarta a yashi, a lanƙwashe, ba ta da wani fasali.

Mai shago ya ce, "Baba, kainuwa daga sama ake jin daɗin kallonta, kuma tana da saurin yaɗuwa. Wannan siririyar kuwa daga gefe ake ganin kyanta, amma sai an yi haƙuri da ita."

Habila bai ji komai ba sai kalmar sauri. Ya zaɓi kainuwa. Da zai tafi, mai shago ya tsinko 'yan silin siririyar ciyawar ya sa masa gyara. Habila ya so ya yar da ita a hanya, sai ya tuna Damaris ba ta taɓa raina gyara ba, ko da barkono ɗaya ne. Ya kai ta gida, ya cusa ta a kusurwar akwatin, ya manta da ita.

Kainuwa kuwa ba ta ba shi kunya ba. Ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, kafin a jima ta rufe saman ruwan kaf. Kowace safiya Habila yakan tsaya a kan akwatin, hannu a baya kamar manomin da gonarsa ta yi kyau, yana leƙawa daga sama yana murmushi. Duk wanda ya zo gaisuwa daga ikilisiya sai ya ja shi ya nuna masa. Sa'an nan ya juya ya ce, "Maman Tabita, kin ga koginki?"

Takan ce, "Na gani. Sannu da ƙoƙari."

Amma ta sake rage ci, in ya bar ɗakin kuma takan juya ta fuskanci bango. Habila ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Ya canja magani, ya sayo kaza, ya sayo lemo, duk a banza.

Wata safiya ya kawo mata koko, ta ture kofin. Tsoro ya kama shi. Shi da ya daɗe yana addu'a a tsaye ko a kan kujera saboda gwiwoyinsa, ran nan ya dafa gado ya durƙusa, gwiwoyin suna ƙara, har kansa ya zo daidai da matashinta. Ya roƙi Ubangiji kada ya ɗauke masa ita. Da ya ce amin ya buɗe ido, sai ga akwatin a gabansa, daga gefe, yadda ita take ganinsa kullum.

Ruwan duhu ne. Saiwoyin kainuwa sun zubo kamar gemun da ba a taje ba, hasken taga bai sami hanyar shiga ba. Kifayen sun taru a sama suna haki, ɗaya ƙarami yana kwance a kan yashi, ya mutu. Ba a ma ganin jan wutsiyar Gimbiya.

Habila ya ce, "Tun yaushe yake haka?"

Ta ce, "An kwana biyu."

"Don me ba ki faɗa mini ba?"

Damaris ta ɗora hannu a kan furfurarsa, ta ce, "Na daɗe ban ga kana murna haka ba. Da kifin ya ɓace mini, sai na koma kallon fuskarka."

Dattijon nan ya yi kuka, bai ɓoye ba. Sa'an nan ya naɗe hannun riga, ya shiga kwashe kainuwa yana zubawa a bokiti. Da zai cire ta ƙarshe, Damaris ta ce ya bar 'yar kaɗan a gefe, ita ma ba muguwa ba ce, yawa ne ya yi mata. Haske ya sauka har kan yashi. A can kusurwa sai ga ciyawar gyara, ta koɗe don rashin rana, amma tana da rai, har ta miƙa saiwa a ƙarƙashin yashi ta fitar da 'yan tsiro. Da ta sami haske ta miƙe, ta yi kore, tana rausaya kamar ciyawar kogin su Damaris. A cikinta Gimbiya ta haihu, a cikinta 'ya'yan suka ɓuya har suka yi ƙwari.

Tun daga ran nan Habila ya shimfiɗa tabarma a gindin gado. A nan yake zama, kafaɗarsa kusa da matashinta, suna kallo tare. Damaris ta koma cin tuwonta, waƙa kuma ta dawo gidan.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: akwatin shi ne alherin da muke yi wa waɗanda muke ƙauna. Kainuwa ita ce irin alherin da yake da sauri, mai kyau a idon mai bayarwa da idon baƙi. Ba zunubi ba ce, amma in ta yi yawa takan tare haske. Siririyar ciyawar ita ce ƙananan abubuwan da muke rainawa, zama kusa da mutum, da tambayarsa, da sauraron amsarsa. Ba a sayensu da kuɗi, kuma sai an yi haƙuri suke tsiro.

Habila ba mugu ba ne, yawancinmu ma ba mugaye ba ne. Kuskurensa shi ne ya zaɓa wa mai kwance abin da ya yi wa mai tsaye kyau. Haka muke yi wa tsofaffinmu, da marasa lafiyarmu, da 'ya'yanmu, su kuwa don ƙauna sukan ce mana sannu da ƙoƙari, su yi shiru. Ubangijinmu Yesu bai tsaya a sama yana leƙenmu ba. Ya sauko, ya zauna inda muke zaune, ya ga duhun da muke gani.

Saboda haka in kun koma gida yau, kowa ya tuna da wanda yake yi wa hidima. Kada ka tambaye shi daga tsaye ko ya ga abin da ka yi masa, domin zai ce ya gani. Ka durƙusa kusa da shi, ko da gwiwa za ta yi ƙara, ka duba daga inda yake dubawa.