Ranar da Aka Ture Ɗakin Inna Gudiya

Akwai wani dillalin albasa a Jega mai suna Zaharaddeen, wanda ke loda manyan motoci zuwa Kudu. Allah ya buɗa masa cikin 'yan shekaru, kuma a gaskiya ba mugun mutum ba ne. Yana kyauta, yana kula da mahaifiyarsa. Ciwonsa ɗaya ne, idan ya yanke magana ba ya son ya ji kalmar "amma" daga bakin kowa.

Gidansu na gado yana unguwar Jega Magaji. Ya riga ya mayar da gaban gidan na bulo, sai abu biyu suka rage suna tsone masa ido. Akwai ɗakin ƙasa na mahaifiyarsa, Inna Gudiya, mai rufin azara. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar ƙofa a katangar tsakar gida wadda ta haɗa su da gidan maƙwabciyarsu, tsohuwa Tabawa. Ta wannan ƙofa tsofaffin biyu suke miƙa wa juna garwashi da daddawa da labarin unguwa tun suna amare.

Sau nawa ya roƙi Inna ta bari ya rushe ɗakin ya gina mata na zamani, amsarta ba ta canzawa.

"Nan anka kawo ni, nan na haihe ku. In na mutu ka yi abin da kake so."

Da aka gama hada-hadar albasa a shekarar, Zaharaddeen ya shirya tafiya hutu Turkiyya shi da matarsa Iklima. Ya ɗauko magini mai suna Ɗanasabe ya ba shi gyaran gida, sannan ya kai Inna Maiyama wurin ƙanwarsa Shafa'atu.

"Fenti kawai za a yi wa ɗakinki, Inna," in ji shi. "Warin ba shi da kyau ga ƙirjinki. In na dawo ni da kaina zan zo in ɗauke ki."

Inna ta sa masa albarka, ta yarda.

A can Istanbul mutumin naku ya sha hotuna. Hoto a bakin ruwa, hoto da rigar sanyi, hoto yana shan shayi a ɗan ƙaramin kofi kamar wanda aka haifa a can. Otal ɗin da suka sauka yana da wani ɗan lambu mai kujeru a tsakiya, kuma duk sanda ya zauna a wurin, ba abin da yake gani a ransa sai irin lambun nan a inda ɗakin Inna yake.

Ana gobe za su taso ya kira Ɗanasabe.

"Gobe da safe ku fidda kayan Inna ku kai falo. Ku kulle gida, ku zagaya ta lungu ku ture ɗakin ya faɗa ciki. In kun gama, da yamma ku toshe ƙofar Tabawa. Ina so in iso in tarar aikin ya wuce."

"To Alhaji, gadon ƙarhen nan hwa? Ba ya hita ƙofa."

"Tsohon ƙarfe ne, ku bar shi ciki. Kuma ka saurara da kyau. Tsofaffin unguwar nan za su zo maka da koke-koke da ƙarairayi don ka dakata. Ko me suka ce, kar ka ɗaga kai. Wayarka ma ka kashe ta, kar 'yan'uwana su dame ka."

Iklima da ke haɗa jaka ta juyo. "Alhaji, da ka bari an gaya wa Inna tukuna."

"In an gaya mata ai an fasa ke nan. Za ta yi faɗa kwana biyu, ta ga sabon ɗaki ta huce."

Washegari jirgi ya sauke su Abuja, wani jirgin ya kawo su Sakkwato, direbansa ya ɗauke su suka kama hanyar Jega. Zaharaddeen na kishingiɗe a baya yana duba hotuna. Sun shigo Aliero ke nan, inda motocin albasa suka cushe hanya, sai ga kiran Shafa'atu.

"Yaya, sannunku da hanya! Kun iske Inna gida?"

"Wace Inna? Ba tana wurinki ba?"

"Ai tun da hantsi tat tahi. Ta ce ba ta yarda ɗanta shi dawo daga ƙasar waje shi iske gida ba kowa. Kuma wai tsoro take masu henti su ɓata mata likkahwaninta na Makka, wanda take ɗaurewa ƙarƙashin gado. Na sa ta mota da kaina."

Zaharaddeen ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a bayansa.

"Gida a kulle yake," ya faɗa da ƙyar. "Ba ta da makulli."

Shafa'atu ta yi dariya. "Yaya ke nan. Yaushe Inna ta taɓa neman makulli? Ta gidan Gwaggo Tabawa za ta shiga mana."

Ya katse kiran, ya kira Ɗanasabe. A kashe. Ya sake kira. A kashe, kamar yadda shi da bakinsa ya umarta.

Ya kira wayar Inna, sai Shafa'atu ta ɗauka, ta ce an bar ta a caji. Ya kira wani abokinsa, ya ce yana Birnin Kebbi. Ya shiga birkice lambobin wayarsa yana neman ko da mutum ɗaya daga lungunsu. Ga lambar mai tasi na Istanbul, ga ta masu sayen albasa a Legas da Aba, amma babu lambar maƙwabci ko ɗaya.

"Taka motar nan!" ya daka wa direba tsawa.

Ina za a taka? Tirela ta gitta hanya ana loda mata buhuna, masu dako suna kai da kawowa ba abin da ya dame su. Zaharaddeen ya tuna Inna ba ta ji sosai, sai an matso kusa da kunnenta. Ya tuna in ta yi tafiya a mota takan kwanta ta miƙe bayanta. Iklima ta fara salati tana kuka. Shi kuwa ya buɗe ƙofa ya fita a guje, ya tare wani ɗan kabu-kabu ya haye, ya ce Jega, ko nawa ne.

A daidai lokacin, a Jega, Inna ta riga ta isa. Ta shiga gidan Tabawa sun gaisa, ta sha ruwa, ta bi ta 'yar ƙofarsu ta wuce ɗakinta. Da ta ga an kwashe kaya ba ta yi mamaki ba, ai fenti za a yi. Ta kwance ƙullin likkafaninta daga ƙarƙashin gado, ta shimfiɗa zane a kan gadon, ta yi matashi da ƙullin ta kwanta.

Ɗanasabe da ma'aikatansa sun tafi cin abinci ne sa'ad da ta shigo. Suka dawo suka zagaya ta lungu, suka sa diga a gindin bangon ɗakin.

Tabawa na tsince shinkafa ta ji ƙasa na amsawa. Ta leƙo waje ta ga maza suna saran bango, wasu sun jingina masa dogayen itatuwa. Ta yar da faifan.

"Ku tsaya! Ku tsaya don Allah, Gudiya na ciki!"

Ɗanasabe ya dubi mutanensa ya yi murmushi. "Ga shi an fara. Ai Alhaji ya gaya muna."

"Wallahi tana ciki, yanzun ga ta shiga!"

"Iya, ni da hannuna na kwashe kayan ɗakin ga, ni na kulle gida. Ga makulli aljihuna. Tsohuwar tana Maiyama. Ki ja baya kar ƙasa ta same ki."

Ta riƙe masa riga, ya zame hannunta a hankali. Ta duba lungun, babu namiji ko ɗaya, duk suna kasuwa. Bangon ya fara zubar da ƙasa daga sama.

Tabawa, tsohuwar da ke dafa bango in za ta tashi daga tabarma, ta juya da gudu ta faɗa gidanta.

Zaharaddeen yana kan babur, iska na dukan fuskarsa, ba abin da bakinsa ke iya faɗa sai "Ya Allah, Ya Allah". Ya yi alkawura iri-iri a hanyar nan. Duk gidan da suka wuce sai ya ga kamar ɗakin Inna ne. Tsoro irin wannan bai taɓa shigarsa ba, domin ya san in abin ya faru ba wanda zai tuhuma, da bakinsa ya tsara komai.

Suna karyo kwanar lungunsu ya hango ƙura ta tashi sama, ja, mai kauri. Ma'aikata na tsaye suna kakkaɓe jiki, ɗaya har yana dariya.

Ɗanasabe ya taho da fara'a. "Alhaji, barka da sauka! Ka iso daidai, yanzu munka..."

"Uwata tana ciki!"

Fara'ar ta ɓace. Makullin ya suɓuce daga hannun Ɗanasabe har sau biyu kafin a buɗe gida.

Ɗakin Inna ya zama tudun ƙasa da azara. A bakin inda ƙofa take, ga takalma ƙafa biyu na Inna a jere, ga kuma silifa ɗaya na Tabawa a kife.

Zaharaddeen ya durƙusa da sabuwar shaddarsa ya hau tono da hannu. Yana tono yana kiran "Inna! Inna!" har muryarsa ta dishe. Ma'aikata suka kawo shebur, ya hana su, yana tsoron su sare ta. Kafin ka ce me, lungu ya cika. Maƙwabtan da bai da lambar ko ɗayansu suka rufe shaguna suka zo, mata na kwashe ƙasa da kwanoni, maza na ɗaga azara. Faratansa suka fashe, bai ma sani ba.

Can wani ya ce a yi shiru. Aka yi tsit. Daga ƙarƙashin ƙasa aka ji tari, siriri.

Aka bi sautin har aka kai ga gadon ƙarfe, wanda ya ce tsohon ƙarfe ne a bar shi. Ya lanƙwashe a tsakiya, amma ya riƙe. A ƙarƙashinsa ga Inna a dunƙule, ta rungume ƙullinta, fuskarta duk ƙasa, tana numfashi.

Tabawa ce ta jawo ta daga kan gado ta tura ta ƙarƙashi, don ta ga ba za su kai ƙofa ba. Ita kanta rabin jikinta ne kawai ya samu shiga. Azara ta danne mata ƙafar hagu, jini ya jiƙa ƙasar wurin.

Da aka ɗaga azarar, jinin ya ƙaru. Ana ta ihun a kawo tsumma mai tsabta, gida kuwa duk ƙura da siminti. Inna ta kwance ƙullinta, ta fito da farin yadin da ta wanko da zamzam ta adana shekara da shekaru, ta sa haƙori ta yage shi. Da shi aka ɗaure ƙafar Tabawa aka kai ta asibiti.

Tabawa ta rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Har yau da sanda take tafiya.

A barandar asibiti Zaharaddeen ya zube gaban mahaifiyarsa, yatsunsa naɗe da bandeji, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Inna ki yafe mini. Ƙarya na yi miki. Ba fenti ba ne."

"Na gani," in ji Inna.

"Zan sake gina miki shi yadda yake, da ƙasa, da azara. Ko wanda ya fi shi."

Inna ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Na yahe maka, Zaharaddeen, don ni na haihe ka. Ɗaki kuwa ka bar shi, ka yi lambun da anka ce kana so. Ni gidan Tabawa za ni zauna, don tana buƙatar mai ɗebo mata ruwan alwala. Abu guda za ka yi mini."

"Ko mene ne, Inna."

"Likkahwanina ya tahi ga ƙahwar Tabawa. Ka sawo mini wani. Amma wannan karon ka yi haƙuri, ka bari Allah shi kira ni da kanshi."

An gama gyaran gidan, ya yi kyau, ba mai musu. Sai dai lambun ba a yi shi ba, filin ɗakin yana nan a share, Zaharaddeen ba ya iya taka wurin. Bulon da aka jibge don toshe 'yar ƙofar kuwa shi da kansa ya kwashe shi ya fitar waje. Kullum da safe, kafin ya tafi kasuwa, sai ya sunkuyar da kai ya bi ta wannan ƙofa, ya durƙusa ya gaida tsofaffi biyu a gidan da ba nasa ba.

Darasi: Kada ka yi wa iyayenka ƙarya da sunan za ka kyautata musu, kuma kada ka toshe kunnuwan mutanenka daga jin maganar maƙwabta don kawai a yi abin da kake so. Wanda ka ce kar a saurara masa, wata rana gaskiyar da za ta ceci naka tana bakinsa. Ka nemi yardar tsofaffinka kafin ka taɓa abin da suke ƙauna, ka kuma riƙe maƙwabcinka da daraja. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, musamman masu shirin gyaran gidan gado.