Tabon Baƙin Mai a Mayafin Jibi

Akwai wani mutum mai injin niƙa, matarsa Tabita ce ke wanke farin mayafin teburin Jibin Ubangiji. Ran wata Asabar ta shanya shi ta tafi kasuwa. Iska ta kayar da shi, mutumin ya ɗaga shi da hannun da ya gama gyaran inji da shi. Sai ga yatsu biyar na baƙin mai a tsakiya, ga shi gobe Lahadi.

Tsoro ya kama shi. Ya ja guga bakwai a rijiya ya yi ta cuɗawa, ruwa na zamewa, tabo na nan daram. Ya tuna cewa da kananzir yake goge baƙin mai a hannu, sai ya kwara wa tabon. Tabon ya narke kam, amma ya bazu, mayafin ya ɗau warin fitila. Kai, mutumin nan ya ga ta kansa.

Maƙwabciyarsu Malama Damaris, tsohuwar malamar kimiyya, ta leƙo ta katanga. Shi kuwa da son sanin dalili, ko a cikin wahala sai ya yi tambaya.

"Malama, me ya sa ruwa ya ƙi, kananzir ya ɓata?"

Ta ce, "Baƙin mai doguwar sarƙa ce ta kabon, haidurojin ya rufe ta ko'ina, ruwa ba shi da wurin kamawa. Kananzir ɗan'uwansa ne, sai dai su gauraya. Ungo sabulu. Shi ma irin sarƙar ce, amma a baki ɗaya an sa masa kan da ke son ruwa. Jelarsa ta riƙe mai, kansa ya riƙe ruwa, su fita tare."

Yana cikin kumfa Tabita ta dawo. Kunya ta rufe shi, ya faɗa mata duka. Ta naɗe hannun riga, suka wanke tare har mayafin ya yi fari.

Ma'anar wannan misali ita ce: tabon zunubinmu ne. Guga bakwai ƙoƙarinmu ne, ba ya kama shi. Kananzir ƙaryar da muke rufe laifi da ita ce, danginsu ɗaya. Yesu ya ɗauki jiki irin namu, bai kuwa rabu da tsarkin Uba ba, shi ya sa yake iya riƙe mu ya fitar da mu. 'Yan'uwa, guga nawa kuka ja a ɓoye makon nan? Ku ajiye gugar, ku zo da tabon.