Ranar da Tasalla Ta Yi wa Dodo Karatu

"To, kowa ya gama lashe hannu? Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wai a wani gari da ke gindin wani baƙin dutse, an yi wata tsohuwa ana ce mata Gwaggo Ladingo. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗorawa a bayan gari, yara su kewaye ta, ta buɗe littafinta mai hotuna tana karanta musu da ƙarfi, yatsanta na bin ƙarƙashin kalmomi. Cikin yaran akwai Tasalla, 'yar shekara bakwai, wadda kullum take manne da gwiwar Gwaggo, kunnenta a kan murya, idonta a kan yatsa. Da haka ta fara gane baƙaƙe ɗaya-ɗaya, ita kanta ba ta san ta sani ba.

Ana tsakiyar labarin wani ɗan maraƙi da ya ɓata a daji yana neman uwarsa, sai zazzaɓi ya kwantar da Gwaggo, ko wanda ke kanta ba ta ganewa.

Washegari sai ga Gizo a gindin ɗorawa, ya sato littafin ya saƙale a hammata.

"Yara, ku zauna, Gwaggo ce ta aiko ni." Ya buɗe, ya yi gyaran murya. "Littafi ya ce akwai zuma a bayan baƙin dutse, yaro ɗaya zai bi ni ya ɗebo. Ya kuma ce duk wanda ya faɗa wa manya, bakinsa zai rufe har abada."

Tasalla ta leƙa, ta ga maraƙin hoton ƙafafunsa a sama, kansa a ƙasa. Ta gane a juye ya riƙe littafin, amma tsoron rufewar baki ya hana ta magana. Gizo ya kama hannun wani yaro Tanko, suka tafi. Rana ta faɗi, Tanko bai dawo ba. Aka fita nema, Gizo ya fi kowa kuka, yana cewa shi dai ya hango yaron ya nufi kogi.

Rana ta biyu Gizo ya dawo, ya ce littafi ya ce Tanko na can yana shan zuma, yana kiran mutum guda. Ya kama hannun Dela, ƙanwar Tasalla. Tasalla ta riƙe zanen ƙanwarta gam, Gizo ya zare mata ido ya fizge. Dela ma ba ta dawo ba.

Rana ta uku maza da mata duk sun tafi bakin kogi nema, ba kowa a gari sai yara da marasa lafiya. Gizo ya buɗe littafi, Tasalla ta miƙe.

"Malam Gizo, ni zan bi ka yau. Kawo in riƙe maka littafin."

Suna tafiya ta juya shi daidai, ta duba shafin nan sama da ƙasa. Ba zuma, ba dutse, ba rufewar baki. Ashe duk ƙarya ce. Amma wa za ta faɗa wa? Gari ya yi nisa, Dela kuma tana gaba.

A bakin dutse wani ƙadangare ya ɗaga kai ya ce, "Yarinya, koma. Biyu na ga sun shiga, ban ga sun fito ba."

"Suna da rai?"

"Jiya dai na ji kukansu. Amma yau da safe ya ɗora tukunya."

"Wa?"

Ƙadangare ya shige rami.

Gizo ya tura ta cikin wani kogo. Wari ya buge ta, ƙasusuwa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta. Ga ƙatuwar tukunya a kan murhu tana tafasa. Ga wani kwando rataye a sama, Tanko da Dela a ciki, sun yi kuka har murya ta ƙare. Sai abin da ta zata tulin ciyawa ne ya motsa, ya buɗe idanu biyu ja wur. Dodo ne, gashi har ƙasa, haƙora kamar lauje.

Ya kai hannu ya cafke Gizo, ya ɗaure masa ƙafa a jikin turke. Sa'an nan ya juyo.

"Kullum ina kwance a nan iska na kawo mini muryar tsohuwar nan," in ji Dodo. "Sai ta yi shiru, maraƙi bai ga uwarsa ba. Ban ƙara runtsawa ba. Na kama wannan maƙaryacin, ya ce ya iya karatu, ya yi mini shirme. Ya ce zai kawo wanda ya iya, ya kawo biyu, ba su iya ba. Ke ce ta uku. In kin kasa, ku huɗu duka tukunya."

Tasalla ta ɗaga kai ta dubi kwandon. Dela ta ce da 'yar murya, "Yaya."

"Fara daga farko," in ji Dodo. "Na haddace abin da na ji. Kika canza kalma ɗaya, zan sani."

Ta zauna inda haske ke shigowa, ta ɗora yatsa, ta fara. Farkon bai ba ta wuya ba, don kunnenta ya san shi, idonta kuma na tabbatar mata. Dodo na gyaɗa kai. Har ta iso inda Gwaggo ta tsaya. Saura shafi uku, waɗanda ba ta taɓa ji ba.

Ta rufe littafin a kan yatsanta. "Shafi ɗaya, ka saki yaro ɗaya."

Dodo ya yi gurnani har tsakuwa ta zubo daga sama. "Ni kike wa ciniki?"

"In ka cinye ni, Baba Dodo, wa zai gaya maka inda maraƙi ya kwana?"

Dodo ya ce, "Karanta."

Ta shiga shafin farko a hankali, kalma bayan kalma, sai ta ci karo da wata doguwa. Ta tsaya. Dodo ya jawo wuƙa ya fara wasa ta a dutse, ƙiii, ƙiii.

"Ƙo... ƙo... ra... ma. Ƙorama! Maraƙi ya iso bakin ƙorama, ya ga sawun shanu a taɓo."

Dodo ya sauke Tanko. Tasalla ta ce, "Tsaya a waje ka jira Dela."

A shafi na biyu ta sake cijewa. Dodo ya matso, numfashinsa na ƙona mata wuya.

"Ma... ki... ma-ki..." Hawaye ya rufe mata ido, baƙaƙen suka haɗe. Ta goge da bayan hannu. "Ma-ki-ya-yi. Makiyayi! Ya ji muryar makiyayi a hayin ruwa."

Dodo ya sauke Dela. Dela ta ƙanƙame yayarta, Tasalla ta ɓamɓare ta. "Ku gudu bakin kogi, ku kira Baba. Kada ku waiwayo."

A shafi na uku Dodo ya ɗora mata ƙumba a kafaɗa, mai sanyi kamar ƙarfe. Ta karanta yadda maraƙi ya faɗa ruwa, ruwa ya ja shi, ya nutse ya taso. Sai ga wata kalma ta tsaya mata a wuya.

"Ƙa... ra... ƙara..."

Ƙumba ta fara shiga fata.

"Ƙararrawa! Ya ji ƙararrawar wuyan uwarsa, ya bi sautin har ya kama gaɓa. Uwar ta lashe shi, ya sha nono, ya yi barci a jikinta. Shi ke nan."

Kogo ya yi tsit, sai tafasar tukunya. Tasalla ta yunƙura za ta tashi.

"Ina za ki? Cinikin yara biyu muka yi da ke, ke ba ki ciki." Ya lumshe ido ɗaya. "Sake."

Ta sake daga farko. Ta kai ƙarshe, ya ce, "Sake." Ta sake, maƙogwaronta kamar an zuba yashi, hasken bakin kogo na ta raguwa. Ta san in duhu ya shigo ba za ta ga baƙi ko ɗaya ba. Ya ce, "Sake," amma yanzu kansa na kan dutse. A karo na ukun sai ta riƙa sassauta murya, tana ja da kalmomi, tana ja, tana ja. Kafin maraƙi ya kai ƙorama hannun Dodo ya zame daga kafaɗarta. Kafin ya haye ruwa, minshari ya cika kogo.

Ba ta daina karatun ba. Ta miƙe tana karantawa, tana ja da baya, taku ɗaya, kalma ɗaya. Gizo ya yi raɗa, "Tasalla, 'yar albarka, kwance ni." Ta wuce shi ba ta ko kalle shi ba. Sai da ta ji iska a bayanta ta rungume littafi ta zura da gudu.

A tsakiyar hanya ta haɗu da mutanen gari, babanta a gaba da gatari. Ya ɗauke ta cak, ta nuna masa dutsen. Mutane suka yi ta gangaro da duwatsu har suka toshe bakin kogon, Dodo na ciki yana barci. Gizo kuwa ya ciji igiya ya sulale ta wata kafa, mata suka bi shi da tsintsiya, ya haye saman ɗaki ya maƙale a lungu. Har yau bai yarda ya sauko ba.

To, kun ji. Yaron da ake karanta wa, ake ba shi labari, ba a banza yake zaune ba, makami ake ba shi. In ana muku karatu ku kasa kunne, ku kuma buɗe ido, don wanda ya iya duba takarda da kansa, ba mai riƙe littafi ya yi masa ƙarya. In kuma kuka ga abin da ba daidai ba, ku faɗa wa manya tun ranar farko, ba bakin da zai rufe.

Ƙurungus, kan kusu, ba nawa ba, ba naku ba. Tashi ki ɗauko mini butata, Hajo.